Fulogin Motar Malam Birki

Maman Biyu ta yi aikin asibiti har furfura ta fito mata, amma ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Aikinta a wani ɗaki ne can bayan ɗakin tiyata, ɗaki mai zafi, mai taga ɗaya da ba ta buɗuwa. Nan ake turo mata almakasai da hantsuka da ƙananan wuƙaƙe bayan likitoci sun gama da su. Ta wanke, ta bi da buroshi, ta jera a kan tire kowanne a mazauninsa, ta naɗe da koren ƙyalle, ta tura cikin tukunyar tururi. Marasa lafiya ba su san da ita ba. Likitocin ma da yawa ba su san fuskarta ba, sai dai in an buɗe ƙunshi aka ga komai a jere ba wanda ya hau kan wani, sai a ce, "Yau Maman Biyu ce a ciki."

'Yar mai aski ce. Shagon babanta yana kusa da tashar mota, kuma tun kafin ta kai tsayin madubin shagon ita ke wanke masa mataji da reza da yamma. Karatu bai yi nisa ba, ta shiga asibiti da tsintsiya da bokiti. Wata tsohuwar nas ce ta lura da yadda take wanke bokitin kansa bayan ta gama goge ƙasa, ta ce wannan yarinya asararta ake yi a baranda, a kai ta ɗakin kayan tiyata. Daga nan ba ta sake canza ɗaki ba har ta yi ritaya. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya takan ishi mutum ya wuni yana juya ta.

Mijinta kuwa a bakin ƙofar asibitin ta tsince shi. Ta tashi aiki wata yamma tana jiran bas, sai ga wata mota ta taho tana tsalle-tsalle, ta hau dakalin da take tsaye a kai, ta ja ta tsaya dab da ƙafarta. Daga ciki wani yana ta kwarma ihu, "Birki! Birki! Na ce birki!" Aka buɗe ƙofar gefen mai zaman banza, wani dogo siriri ya fito, ya zagaya gaba, ya durƙusa ya duba bamba, ya shafa ta da hannun rigarsa. Sai da ya gamsu sannan ya ɗago kai.

"Baiwar Allah, ba ki dai ji ciwo ba ko?"

"Gama da motar tukuna," in ji ta. "In ta ce lafiyarta ƙalau sai ka dawo kaina."

Washegari ya zo ba da haƙuri. Jibi ma ya zo. Ita dai takan ce haƙurin nan ne ya yi ta bayarwa har ya zama aure, aka haifi tagwaye mace da namiji, sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane.

Sana'arsa koyar da tuƙi. Ba ofis, ba allo, mota ɗaya ce da wani fili a bayan makarantar firamare inda yake jera tsofaffin tayoyi da gwangwanayen fenti. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Malam Birki, har 'ya'yansa in sun ga fuskarsa a sake sukan kira shi da shi. Wani mai walda ya haɗa masa birki na biyu a gaban kujerar mai zaman banza, don in ɗalibi ya rikice ya taka totur, shi ya taka nasa. Teloli, malaman makaranta, matan 'yan kasuwa, har wani alƙali mai rawar hannu, duk ta hannunsa suka bi. Babban gyara yakan kai gareji, ya tsaya a kan bakaniken kamar mai jiran haihuwa. Amma juyen mai da ruwan lagireto da fulogi, waɗannan ba wanda ya isa ya taɓa masa. A tsakar gida yake yinsu, ƙarƙashin rumfar kwano. Ita daga tagar kicin take hango bayansa a sunkuye, iyakar abin da ta sani game da inji ke nan.

Sau ɗaya ya gwada koya mata tuƙi, suna sabon aure. Ya kai ta filin, ta zauna a sitiyari, motar ta fara tafiya. Ba su kai gwangwani na biyu ba ya daka mata irin tsawar da yake daka wa ɗalibai. Ta kashe motar, ta zare makulli ta ɗora masa a cinya, ta fita ta taka da ƙafa har gida. Da ya dawo ya tarar da abincinsa a rufe a kan tebur. Bai ɗaga maganar ba, ita ma ba ta ɗaga ba, aka yi shekara talatin da wani abu a haka.

Ba ta daɗe da yin ritaya ba ciwon ya same shi. Da safe ne, yana zaune bakin gado yana ɗaura igiyar takalmi, ta ga hannunsa na dama ya sauka kamar ba nasa ba, bakinsa ya karkace. Ta ga irin wannan a asibiti ba adadi, don haka ba ta yi kururuwa ba. Ta kwantar da shi ta gefe, ta buga wa 'yarta waya, wadda ke koyarwa a sakandare, kowa a gidan yana ce mata Ticha. Ɗan nata namiji yana aiki a wata ƙasa mai nisa, shi sai dai murya. Da aka sallamo Malam, ɓarinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa. Hankalinsa yana nan garau, yana jin komai yana gane komai, amma magana ta tafi. Kalmomi uku kacal ta bar masa: "haba", da "yawwa", da "birki". Da su yake neman ruwa, da su yake faɗa, da su yake gaisawa da baƙi.

Likita ya ce a riƙa kai shi gashi sau biyu a mako, a motsa gaɓoɓin da suka mutu. Da farko tasi suke ɗauka, to amma shigar da dogon mutum mai mataccen ɓari cikin motar haya aiki ne ja, direbobi kuma ba su da haƙurin jira. Tasa motar tana nan ƙarƙashin rumfa, kyanwa ta mai da bonet ɗinta wurin barci. Ƙaninsa, dillalin gidaje da filaye da duk abin da za a iya cin la'ada a kansa, wanda yaran gidan ke kira Baba Ƙarami, ya fara zuwa da masu saye. Su zagaya motar, su harbi taya, su leƙa ciki su tambayi wannan birki na biyu na mene ne. Malam yana kallonsu ta taga yana "haba, haba" har muryarsa ta dushe.

Ranar da wani mai sayen ya tafi yana yatsina fuska, Maman Biyu ta ce wa Ticha, "Gobe in kin taso ki biyo, ki kai ni filin nan na babanki."

"Yin me, Mama?"

"Noma zan yi. Ke dai ki zo."

Haka aka fara koyon tuƙi. Ticha ba ta tsawa, sai dai ta runtse ido ta yi salati. A hankali hannun tsohuwar ya faɗa, ta je aka gwada ta aka ba ta lasisi. Ranar farko da ta ɗauki Malam zuwa gashi ta zaunar da shi a gaba ta ɗaura masa bel, ta manta cewa ƙafarsa ta hagu lafiyarta lau, kuma birkinsa yana nan inda mai walda ya bar shi. Kaza ta gilma can nesa, ya taka. Mai keke ya waiwayo, ya taka. Kafin su isa asibiti wuyanta ya ƙage. A hanyar dawowa ta faka a gefen titi ta ce, "Malam, ko dai ni in tuƙa, ko kuwa mu sauka mu tura ta tare." Ya kau da kai yana kallon taga. Daga ranar ya rage takawa, bai dai daina ba.

Ana nan ana nan, motar ita ma ta soma ciwo. Da safe sai an yi ta murɗa makulli kafin ta tashi. In an tsaya a danja ta kama rawar ɗari, sitiyari na kaɗawa a hannu. A hawa ta riƙa shaƙewa kamar mai tari, ga shan mai kamar an huda tankin. Duk lokacin da ta yi, Malam yakan runtse ido sai ka ce shi ake mintsina.

Ta ce, "Gobe zan kai ta gareji."

"Haba."

"To in kira bakaniken ya zo gida?"

"Haba!"

Ya ɗaga hannun hagu yana nuna ƙarƙashin gado. Ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfen da yake ajiye kayan aikinsa, ta ɗora masa a cinya ta buɗe. Ya yi ta lalube har ya zaro wata sifana mai kama da bututu, mai mariƙi a gicciye, da wani abu ɗan tsayin yatsa naɗe cikin tsumma, rabinsa farin tangaran rabinsa ƙarfe. Ya miƙa mata su. Ya nuna ta, ya nuna wajen rumfa.

"Ni?" ta ce.

"Yawwa."

Layin masu kayan mota ba wurin da ta taɓa shiga ba ne. Ƙasa baƙa ƙirin da mai, shaguna a cushe, salansa da fitilu suna reto a bakin ƙofofi. Ta tsaya a shagon wani mai ƙaton ciki da ke tauna gyaɗa, ta warware tsumman.

"Irin wannan nake so, guda huɗu."

"Fulogi ke nan, ashanar mota. Shi ke ƙyasta wuta a cikin inji. Mama, bakanikenki ne ya aiko ki? Da kin bari ya zo da kansa, kada a ba ki wanda ba shi ba."

"Shi ya sa na zo da wannan. Karanta lambar jikinsa ka ba ni 'yan'uwansa."

Ya karanta ya ɗauko. Ta buɗe kwalayen ɗaya-ɗaya tana gwadawa da tsohon, tsayi da kauri.

"Wa zai ɗaura?" ya tambaya.

"Ni."

Ya daina tauna. "To Mama, ki ji. Ki bari inji ya huce tukuna. Kuma ɗaya bayan ɗaya, ki gama da wannan kafin ki taɓa na gaba."

Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro in ya kawo shawara.

Ranar da ba gashi ta zaɓa, da hantsi, motar ta kwana ba a tayar ba. Ta fito da kujerar Malam ta ajiye a inuwar rumfa inda zai riƙa hango saman injin, ta zaunar da shi, ta tokare masa ɓarin dama da matashi. Ta ɗauko tiren shayi ta shimfiɗa masa ƙyalle, ta jera sifana da tsohon buroshin haƙori da tsumma da sababbin fulogi kowanne a kwalinsa. Ta sa safar hannu cikin ragowar na wurin aiki, sannan ta ɗaga bonet ta tokare.

Abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Komai ya yi dumu-dumu da ƙura da baƙin mai. Wayoyi huɗu masu kauri sun fito daga kan wani ƙoƙon baƙar roba a gefen injin, kowacce ta tafi ta kifa hularta a kan fulogi guda. Ta kama ta farko a tsakiya za ta fizge.

"Birki!"

Ta saki. Ya dunƙule yatsu ya nuna mata ƙasa-ƙasa, ya murɗa, ya ja. Ta kama hular robar ta murɗa ta ja, ta fito ɓus. Ta ɗauki sifana.

"Birki!"

Wannan karon kumbura kumatu ya yi yana hura iska ta karkataccen bakinsa. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta duba gindin fulogin ta ga yashi ya taru a wurin, wanda da an zare sai ya zube cikin inji. Wannan kam yarenta ne. Ta sa buroshi ta share, ta ɗauko famfon keken jikanta ta hure wurin tas.

Ta zura sifanar ta kama, ta murɗa dama. Ya ce haba. Ta murɗa hagu, ko motsi. Ta gyara tsayuwa, ta sa hannu biyu ta danna da nauyinta, sai ji ta yi ƙas, abin ya saki har ta kusa buga goshi. Fulogin ya fito baƙi wuluk, bakinsa ya cinye, yana warin fetur. Ta kai wa Malam. Ya juya shi a haske, ya sansana, ya girgiza kai irin na uban da aka kamo masa ɗansa daga yawon banza.

Sabon ta cusa a bakin sifana za ta ɗaura, ya sake tsayar da ita. Ya murza babban yatsa da manuni a iska, wato da hannu. Daga baya ta fahimci dalili: in fulogi ya hau a karkace aka matsa shi da ƙarfe, sai ya cinye haƙoran ramin, ƙaramin aiki ya koma babba. Ta zura shi da yatsu tana murzawa, yana shiga sumul har ya zauna, sannan ta sa sifana ta ɗan matse. Za ta ƙara, ya ɗaga tafin hannu. Ta mayar da hular.

"Yawwa," in ji Malam.

Na biyu bai ba ta wahala ba. Kafin ta kai na uku maganin safe ya yi aikinsa, kan Malam ya langaɓe, ya soma minshari. Ta ga ba dalilin tashinsa, ai ta gane hanya. Ta canza sauran biyun ita kaɗai, ta ja da baya ta duba aikinta, sai idonta ya tsaya a kan wayoyin. Ga fulogi sababbi fes, ga waɗannan ƙazaman abubuwa a kife a kansu, sun yi danƙo da mai. Macen da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana raba mai tsabta da mai datti ba za ta iya rufe bonet a kan wannan ba. Ta tuna maganar mai shago, ta ce ai fulogi yake nufi, kuma ta gama da su. Ta zare wayoyin duka, sama da ƙasa, ta goge su da tsumma da ɗan fetur har suka yi ƙyalli, ta goge ƙoƙon ma. Wajen mayarwa ta ga ramuka huɗu ne a kan ƙoƙon, a zagaye. Ta jera yadda hankali zai ɗauka, ramin farko na fulogin farko, na biyu na na biyu, har ta zagayo.

Ta cire safa, ta shiga ta murɗa makulli. Motar ta yi gurnani, ta yi tari, ta yi shiru. Ta sake murɗawa tana ba ta wuta. Sai ji kake tau! daga salansa kamar an harba bindiga. Tantabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Wata murya ta ƙetaro katanga, "Maman Biyu, lafiya?"

"Lafiya lau, mota ce ta yi atishawa."

Malam ya farka a firgice. Ya dube ta, ya dubi injin, idonsa ya sauka a kan wayoyin da ke ta sheƙi. Sannan a hankali, kamar mai ta'aziyya, ya ce, "Haba. Haba. Haba."

Ta faɗa masa abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Ya ɗauki kofinsa na silba ya ƙwanƙwasa hannun kujera. Ta kawo ruwa, ya ture. Ya sake ƙwanƙwasawa, ta gyara masa matashi. Ya harare ta, ya fara daga farko a hankali, yana tsayawa a tsakani: sau ɗaya, sau uku, sau huɗu, sau biyu. Da ya sake ta bi shi da baki tana ƙirgawa.

"Ɗaya, uku, huɗu, biyu?"

"Yawwa!"

Ashe ƙoƙon nan shi ke raba wa fulogi wuta, kuma ba a jere yake rabawa ba, tsallake yake yi. To, ta ji lissafi, amma wane rami ne na farko, kuma ta ina za ta zagaya, dama ko hagu? Ƙoƙon yana can ƙasa ta ɗaya gefen, daga kujera ba a hango shi. Ta tambaya, ya buɗe baki, "birki" ta fito. Ya sake gwadawa har jijiyar wuyansa ta miƙe, "birki" ta sake fitowa. Ya yi jifa da kofin. Ta canka ta jera, ta murɗa makulli, motar ta sake harbawa. Ta canza, wannan karon ko tari ba ta yi ba, batir kuma ya fara sanyi. Rana ta ƙwace inuwar rumfar, gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

Ana cikin haka Baba Ƙarami ya yi sallama, fes da shi cikin fararen kaya.

"A'a! Matar yaya, yau kuma tiyata ake yi? Mara lafiyar zai tashi kuwa?"

"Jini ake nema, ga shi Allah ya kawo ka."

Ya leƙa injin daga nesa yana tattare riga. "Ni fa na faɗa tun farko. Bari in kira garejin nan su turo wani ya haɗa. Kuma mutumin nan na rannan har yanzu yana so, ko a haka ma zai ɗauka."

Ya zaro waya. Ƙarar kujera ce ta sa suka waiwaya. Malam ya dafe hannun kujerar da hagunsa, ya turo ƙirji gaba yana ƙoƙarin miƙewa, matashin ya faɗi ƙasa. A wurin gashi sai mutum biyu sun kama shi, ga ƙarafa a gefe, sannan yake tsayawa, shi ma da lallashi.

"Yaya, ina za ka? Zauna mana!"

"Ajiye wayar nan ka kama shi," in ji Maman Biyu. "Shiga ta damansa."

Suka ɗaga shi. Suka zagaya da shi ta gaban motar, yana jefa ƙafar hagu yana jan ta dama, nauyinsa duk a kafaɗar ƙaninsa. Da suka isa ɗaya gefen ya jingina cikinsa da jikin motar ya sunkuya, numfashinsa yana fita da ƙarfi. Ya miƙa hannu cikin injin, ya shafa gefen ƙoƙon har ya tsaya a kan wani ɗan zane da aka yi da bakin wuƙa, wanda ita lokacin da take gogewa ta ɗauka tsagewa ce. Ya ɗora yatsa a ramin da ke saitinsa, ya ɗaga ya nuna fulogin farko. Ta sa waya. Ya matsa rami na gaba ta hagu, ya nuna na uku. Haka har suka gama, ba mai magana sai Baba Ƙarami da ke cewa a yi sauri kafaɗarsa za ta cire.

Ta shiga ta murɗa makulli. Batirin ya ja da ƙyar, ya sake ja, motar ta kama.

"Ikon Allah, ta tashi!" in ji Baba Ƙarami.

Malam bai ce yawwa ba. Ya karkata kai yana saurare, fuska a murtuke. Injin yana tafiya amma da ɗan ɗingishi. Ya yi mata alama ta kashe. Ya lalubi hular fulogi na biyu ya danna da tafin hannu, aka ji ta zauna. Da ta sake tayarwa sai ƙarar ta daidaita, ba rawa ba tari, madubin gefe ma ya daina kaɗawa. Ya saurara har ya ƙoshi, sannan ya nuna kujerarsa.

Da suka zaunar da shi, Baba Ƙarami ya dubi gaban rigarsa. Baƙin mai ya yi masa tambari tun daga ƙirji har aljihu.

"Matar yaya, dubi abin da kuka yi min. Ina da mutanen da zan gani fa."

"Cire in jiƙa maka. Ka sa ta yayanka, ai ba fita zai yi ba."

Haka ya tafi cikin rigar Malam, hannuwan sun rufe masa yatsu, ƙasan yana share hanya. Bai sake kawo mai saye ba, ko da yake shi cewa ya yi kasuwar tsofaffin motoci ce ta faɗi.

Da suka koma gashi ta ba ma'aikaciyar wurin labari. Ita kuma ta ce in haka ne a riƙa shigo da motar har cikin ɗakin, su huta da lallashi. Ba a shigo da ita ba, amma daga lokacin kullum da safe Maman Biyu takan tsayar da shi a jikin motar yayin da take duba mai da ruwa, yana nuni tana bi. Maganarsa ba ta dawo ba, kalmomin nan uku ne har ƙarshe. Ƙafar ce ta ɗan yi ƙarfi, har ya kai yana ƙetare tsakar gida da sanda. Ita kuma ta koyi juyen mai, ta koyi wanke kan batir. Ta karɓi jan farce a wurin Ticha ta ɗiga wa kowace waya alamarta. Mai shagon nan in ya hango ta a bakin layi sai ya ɗaga murya, "Injiniya ta iso, ku ba ta kujera!" Matan unguwa masu mota suka fara aiko yara wai ta zo ta ji wata ƙara da motarsu take yi. Takan ce a gaishe su, ita mota ɗaya ta sani, su nemi masu sana'a.

Malam ya yi 'yan shekaru a haka kafin ciwon ya dawo ya tafi da shi, da rana tsaka, yana zaune a kujerarsa. Tsofaffin ɗalibansa suka zo gaisuwa har layin ya toshe da motoci. Ta leƙa ta ga yadda wasu suka faka a karkace, ta ce da mai gidan yana nan da sun ji a jikinsu.

Ta ci gaba da tuƙa motar har giyarta ta mutu, aka zagaye layin masu kayan mota ba a samu irinta ba. Wani mai sayar da ƙwai ya saye ta ya ce zai yi dabara. Da ɗanta ya zo hutu ya saya mata wata ƙarama, ba sabuwa fil ba amma ta zamani. Kafin ta zauna a ciki sai da ta sa ya buɗe mata bonet. Ba waya, ba ƙoƙo, wani shafaffen murfin roba ne ya rufe injin gaba ɗaya.

"Ina fulogin?"

"Suna can ciki, Mama. Wannan ba irin ta Baba ba ce, sai ta yi shekaru ba a taɓa su ba. In lokaci ya yi gareji za a kai. Don Allah kada ki taɓa komai."

Yanzu da ita take kai jikoki makaranta, a hankali, na baya suna ta danna mata oda ko a jikinta. Abin da kawai take kuka da shi, motar ba kuloci, ƙafarta ta hagu ta rasa aikin yi har ta fara yi mata tsami. Murfin robar kuwa, Ticha ta ce ta taɓa zuwa da safe ta tarar da shi a jingine da bango, tsohuwar ta sunkuya da tocila a hannu. Ta tambaye ta me ya lalace, ta ce ba komai, dubawa take yi.